Tarihin Ladi Kwali da Hikimar Zanenta a Jikin Tulu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Gwarzo ko Getso ko Kabo, ko ya karɓi canji a hannun yaron mota a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, lalle ya sha riƙe takardar Naira 20. A fuskar takardar akwai hoton marigayi Janar Murtala Muhammed, wanda babu Bakanon da zai ce bai san shi ba. Amma idan aka juya bayanta, sai a ga wata mace da ɗaurin kallabi ta duƙufa a kan aikin tukunya. Wannan mace ita ce Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 hotonta yake yawo a aljihunmu, alhali kuwa kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin ko ita wace ce, balle su faɗi abin da ta yi har ta cancanci wannan matsayi.

Ginin tukwane ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi a ƙauyukan Gwarzo da Kabo ya sha ruwan randa, ya ɗauki tulu zuwa rijiya, ya kuma ci miyar da aka dafa a tukunyar ƙasa. Sabo da waɗannan kaya ne ma ya sa ba mu ɗauki maginansu da wata daraja ba. To, mene ne ya fitar da Ladi daga cikin ɗimbin matan da suka yi wannan sana'a suka shuɗe ba a san sunayensu ba? Amsar tana cikin zanen da takan tsaga a jikin tulunta tun yana ɗanye. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a kawo tarihin rayuwarta a taƙaice, sa'an nan a nuna wa mai karatu yadda yumɓun da take gini da shi ya canja, wutar da take gashi da ita ta canja, masu sayen kayanta suka canja, har amfanin tulun kansa ya canja, amma zanenta ya tsaya yadda ta taso da shi daga gida.

Asalinta da Tasowarta

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a yau yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lokoja. Mutanen wannan yanki su ne waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Manoma ne na gaske, masu noman doya da dawa, kuma sun daɗe suna cuɗanya da Hausawa ta hanyar fatauci da sarauta da auratayya. Sunanta kansa shaida ne a kan wannan cuɗanya, domin kuwa Ladi suna ne da Bahaushe kan raɗa wa 'ya macen da aka haifa ran Lahadi.

A ƙasar Hausa akan sami maza maginan tukwane, akan kuma sami mata. A ƙasar Gwari kuwa sana'ar ta mata ce, yarinya kan taso ta tarar da ita kamar yadda takan tarar da daka da surfe. Ladi ba ta yi karatun boko ba. Makarantarta ita ce gindin wata 'yar'uwar iyayenta, wadda a hannunta ta koyi zaɓen yumɓu da kwaɓa shi da ɗora gini.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda ake wannan gini, domin ba za a fahimci zanen ba sai an san jikin da ake yin sa a kai. Maginiya takan ɗauki curin yumɓu ta ajiye, ta lotsa tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta yi ta jan gefensa sama. Daga nan sai ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa a baki, tana lailayewa. Tulun yana nan zaune wuri ɗaya, ita ce ke kewaya shi tana ja da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da ɓawon katantanwa ko sakaina ake kankare cikin har kaurinsa ya daidaita. Idan ya sha iska ya bushe sarai, sai a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna wuta. In an fitar da su da zafinsu akan yayyafa musu ruwan makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, irin wanda maginan soro na ƙasar Kano suka sani sarai.

Tun tana budurwa Ladi ta yi suna a wannan aiki. Danginta sun ba da labarin cewa sau da yawa kayanta kan ƙare tun kafin a kai su kasuwa. Abu biyu ne suka jawo haka: daidaiton jikin tulunta, wanda take samu da ido da hannu kawai ba tare da wani ma'auni ba, da kuma adon da take yi masa.

Zanenta

Ana yin zanen ne a daidai lokacin da yumɓu ya fara ƙarfi amma bai bushe ba. In ya yi laushi da yawa layi zai rufe, in ya bushe ƙwarai zai ɓantare. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan siririn itace mai kaifi kamar aska, da ɗan guntun igiya murɗaɗɗiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga, wanda akan mirgina a jikin tulu ya bar sawunsa. Ladi ba ta fara gwada zanen a takarda ko a ƙasa. Kai tsaye take tsagawa, kuma a kan jiki mai tudu da gangare, inda layin da aka ja a miƙe kan so ya karkace.

Wanda ya dubi tulunanta da ke ajiye a gidajen tarihi zai ga aikin hawa uku ne. Da farko takan raba jikin tulun. Layuka kan kewaye wuya da kafaɗa kamar tsakiya ko jigida, sa'an nan waɗansu su sauko daga kafaɗa zuwa gindi, su raba cikin tulun gida-gida. Waɗannan layuka ba siffar komai suke nunawa ba, aikinsu shi ne su bi ƙirar tulun su fito da faɗinsa da tsawonsa.

Hawa na biyu shi ne halittar da takan zaunar a cikin kowane gida. Halittun nan kuwa su ne waɗanda duk ɗan ƙauye ya taso yana gani: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu. A nan ne gwanintarta take. Ba ta wahalar da kanta wajen kawo duk abin da ke jikin dabba. Takan zaɓi alamar da ido ke gane dabbar da ita, ta ja ta da ƙarfi, ta watsar da saura. Alal misali, kunama ana gane ta da ƙarinta da hannuwanta biyu, don haka su ne za a gani sun fito fili. Ƙadangare kuwa takan zana shi ta sama, ƙafafu huɗu a warwatse, kamar yadda muke ganinsa a manne a jikin katanga da hantsi. Kifi da tsuntsu ta gefe ake ganinsu, domin ta nan siffarsu ta fi bayyana. Yaro ƙarami ma in an nuna masa zai faɗi sunan kowace dabba, amma babu wadda za a ce hotonta ne aka ɗauka.

Hawa na uku shi ne wanda ya ɗaure sauran biyun. Takan cika cikin dabbar da ƙananan layuka masu gilma juna kamar saƙar tabarma, irin waɗanda ta riga ta yi ado da su a wuya da tsakanin gidaje. Ta haka sai bayan kada ya zama ɗan'uwan adon da ke kewaye da shi. In ka tsaya nesa, ado kawai za ka gani ya rufe tulu. In ka matso, sai dabbobi su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Za mu ƙara fahimtar wannan idan muka gwada shi da zanen gida. Bahaushe ma daga abin da ya gani yake ɗauko adonsa, sai dai shi yakan taƙaita siffar har ta ɓace, sunanta kaɗai ya rage. Dagi, wanda muke gani a ƙofar zaure da wuyan riga, asalin kalmar tana nufin tafin ƙafar dabba irin zaki ko damisa, amma ba wanda zai dubi kullin nan ya ce ga zaki. Aska takwas da tambari da ke jikin babbar riga su ma haka suke, suna na abu ne na zahiri, siffa kuwa ta koma tsagwaron ado. Ƙyamar da malamai ke yi wa surar abu mai rai ta ƙara tura masu zanen bango da maɗinka da masu zanen ƙwarya zuwa wannan hanya. A ɗaya gefen kuma akwai zanen da Turawa suka kawo makarantu, wanda burinsa shi ne a kwaikwayi abu tamkar yadda yake, da inuwarsa da haskensa. Ladi ta tsaya ne a tsakanin waɗannan biyu. Ta bar wa dabba abin da zai sa a gane ta, ta kuma rage ta har ta yarda ta zauna a matsayin ado. Wannan hanya gadon matan Gwari ce, ba ita ta ƙago ta ba. Abin da ta ƙara shi ne ƙarfin hannu da sanin inda layi ya kamata ya tsaya.

Sarkin Abuja da Baturen Tukwane

Abujar da za mu ambata daga nan ba birnin tarayya na yanzu ba ne, garin da ake kira Suleja ne a yau. Bayan da jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, sarakunan Zazzau na Haɓe sun yi kudu, har Abu Ja ya kafa gari a shekarar 1828, aka sa wa garin sunansa. Saboda haka masarauta ce ta Hausawa a tsakiyar ƙasar Gwari. Sarkin da ke kan gado a zamanin Ladi shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau sarauta a 1944. Mutum ne mai ilmin zamani, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa. Yana da sha'awar sana'o'in talakawansa, har ya tara waɗansu tulunan Ladi a gidansa don ado.

A gidan Sarki ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta a shekarar 1950. Shi wannan Bature, wanda aka haifa a 1901, maginin tangaran ne, kuma almajirin Bernard Leach ne, mutumin da ya kawo wa Ingila dabarun ginin ƙasashen Japan da Sin. Kafin zuwansa Nijeriya ya yi shekaru yana aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi ne domin ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane a Nijeriya. Da ya zagaya ƙasa sai ya gane cewa tukwanen gargajiya ba su bukatar gyaran kowa, sun dace da aikin da aka yi su dominsa. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa wurin koyar da ginin tangaran mai ƙyalli, irin faranti da kofi da butar shayi, da kayan ƙasar nan, don a rage sayo su daga waje. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma Sarki mai goyon baya. An buɗe makarantar a 1952, kuma ɗaliban farko duk maza ne. Hausa ce harshen aiki a wurin, hatimin da ake bugawa a gindin kowane kaya ma sunan Abuja ne da rubutun ajami.

Zamanta a Makarantar Abuja

A ƙarshen shekarar 1954 Ladi ta shiga wannan makaranta, ita ce mace ta farko. Ta zo ne tana da kimanin shekara talatin, gwana a sana'arta, amma sai ta koma ɗaliba. Ta koyi gini a kan keken tukwane, watau faifan da ke juyawa maginin yana zaune, akasin abin da ta saba inda ita ce ke juyawa. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli, da jera kaya a cikin tanderu, da lura da wuta. Ba da daɗewa ba ta ƙware, har daga baya ta zama mai koyar da waɗansu. Kayanta suna ɗauke da haruffa biyu na farkon sunanta, L da K, a gefen hatimin Abuja.

A kan faranti da tasoshin da ta gina a keke, sai ta samo wa zanenta sabuwar hanya. Akan tsoma kayan a cikin kunun laka mai launi dabam da na jikinsu, sa'an nan ta ɗauki ƙayar beguwa ta karce wannan kunu, launin da ke ƙasa ya bayyana a matsayin layi. Kifin nan da ƙadangaren nan na jikin tulu su ne suka dawo tsakiyar faranti, sai dai yanzu a cikin da'ira suke zaune maimakon gida mai kusurwa huɗu.

Amma abin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne manyan tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai da yumɓun tangaran. A nan wata matsala ta taso. Gashin fili zafinsa bai cika wuce digiri 700 ko 800 ba, tsaga kuwa takan fito a jikin jan tulu yadda aka yi ta. Tanderun Abuja kuwa yakan haura digiri 1200, kuma ruwan ƙyalli idan ya narke yakan kwarara ya cike tsaga, ya nemi binne zanen. Maganin da aka samu shi ne a shafa farar laka a cikin tsagar, a goge ta daga sauran jiki, sa'an nan a rufe da ruwan ƙyallin da ido ke iya ratsawa. Bayan gashi sai layukan su fito da haske a ƙarƙashin ƙyalli, jikin tulun kuwa ya yi duhu. Ke nan tulu ɗaya ya haɗa ƙirar Gwari, da tanderun Bature, da ruwan ƙyallin da asalin dabararsa daga ƙasar Sin take. Abin da ya hana wannan haɗi ya zama kwamacala shi ne zanen, domin shi ne ya nuna ko tulun ɗan wane gida ne.

Shigarta ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa. Halima Audu ta biyo bayanta, ko da yake ba ta daɗe ba ta rasu, sa'an nan Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa suka zo. Ɗakin da suke ginin hannu a ciki har suna suka sa masa, Ɗakin Gwari.

Riba da Hasara

Ba zai zama adalci ba a kawo wannan labari a ɓoye abin da aka rasa a cikinsa. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa yake da sanyi ko da a tsakiyar bazara. Jikin randar ƙasa yana da ƙananan kafofin da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, wannan bushewa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. Haka kuma tukunyar ƙasa takan jure harshen wuta a kan murhu. Tulun tangaran ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wuta mai tsanani ta toshe kafofinsa, ƙyalli ya rufe shi, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ga shi da nauyin da mace ba za ta so ta ɗauka zuwa rafi ba, ga tsadar da ta fi ƙarfin talaka.

Haka kuma burin gwamnati na cewa jama'a za su koma cin abinci a tangaran ɗin gida bai cika ba. Kwanon sha da langa na ƙarfe sun fi araha, kuma ba su fashewa in sun faɗi. Masu sayen kayan Abuja akasarinsu Turawa ne da manyan ma'aikata. Watau tulun Ladi ya tashi daga gindin bishiya a tsakar gida ya koma kan teburi a falo, daga nan ya wuce cikin akwatin gilashi a gidan tarihi. Matan Kwali da aka ƙago wannan ƙira dominsu ba su ne suka mallaki mafi shaharar aikinta ba.

Ribar kuwa ita ce ɗorewa da suna. Tulun ƙasa kwanansa ƙidayayye ne, in ya fashe ya zama katanga sai a sayo wani, zanen da ke jikinsa ya tafi tare da shi, ba wanda zai tambayi wadda ta yi. Tangaran kuwa yakan yi ɗaruruwan shekaru. Da Ladi ta tsaya a gashin fili, da wataƙila yau babu abin da za mu duba mu yi wannan bayani a kansa. Mai karatu shi zai auna wa kansa wanne ya fi nauyi.

Tafiye-tafiyenta da Girmamawar da Ta Samu

An nuna kayan Abuja a wani gidan baje kolin fasaha mai suna Berkeley a birnin Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma tulunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo. Wannan karɓuwa ta taimaka ƙwarai wajen ɗorewar makarantar, wadda ba ta kawo irin ribar da aka zata tun farko ba. An kuma nuna aikinta a bikin samun 'yancin kan Nijeriya a 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, inda ta yi gini a gaban ɗalibai da malaman fasaha, ta kuma je Faransa da Jamus. A cikin waɗannan shekaru ne Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta MBE. Cardew ya bar Abuja a 1965, wani Bature mai suna Michael O'Brien ya gaje shi, Ladi kuwa ta ci gaba da aikinta. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew, tana nuna gini a jami'o'i. Ba ta bukaci dogon jawabi ba, domin gani ya kori ji. Curin yumɓu kawai akan ajiye mata, jama'a su zuba ido har tulu ya tashi, dabbobi su hau jikinsa.

A daidai lokacin da take wannan aiki, waɗansu samari ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna ta muhawara a kan irin wannan matsala. A 1958 suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne bai kamata mai zane ɗan Nijeriya ya zama ɗan kwaikwayon Bature ba, sai dai ya ɗauki dabarun zamani ya haɗa da gadon gidansu. Shi Okeke ya koma ga zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abin da waɗannan samari suka cim ma ta hanyar karatu da muhawara, shi ne Ladi take aikatawa a Abuja tun 1954. Saboda haka ya dace ƙwarai da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ba ta digirin girmamawa na Dakta a 1977. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa wadda ake ba masana da suka yi fice, a 1981 kuma aka ba ta lambar OON.

Ƙarshen Rayuwarta

Shekarunta na ƙarshe sun zo daidai da babban canji a ƙasarsu. A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar mayar da babban birnin ƙasa zuwa tsakiyar Nijeriya, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, Kwali kuma ta faɗa cikin yankin tarayya. Ashe mutanen nan biyu da ke kan takardar Naira 20 akwai abin da ya haɗa su tun kafin a buga ta.

Sarki Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, Cardew ya mutu a Ingila a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, haka kuma akwai titi mai sunanta a birnin Abuja. Sai dai bayan rasuwarta makarantar ta yi ta ja da baya, har jaridu suka sha ba da labarin lalacewar gine-ginenta. Tulunanta kuwa suna nan a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales. A 2022 an sake baje aikinta a Landan tare da na waɗansu mata baƙar fata da suka biyo sawunta.

Kammalawa

Mu Hausawa mun saba da yi wa Gwarawa ba'a, har wanda bai iya magana sosai ba mukan ce yana gwaranci. Ga shi kuwa 'yar Gwari wadda ba ta shiga aji ba ta kai sunan ƙasar nan inda da yawa daga cikin masu digiri ba su kai shi ba, da yumɓu da ɗan tsinke. Ta karɓi keken Bature da tanderunsa ba tare da ƙyama ba, amma da aka zo kan zane ba ta ari hannun kowa ba, ƙadangaren katangar gidansu ta ci gaba da zanawa har ƙarshen rayuwarta.

Abin da ya rage shi ne mu waiwayi namu. An san Ladi ne domin an sami Sarkin da ya ga tulu ya san darajarsa, aka kuma sami wanda ya rubuta sunanta. A ƙauyukanmu na Gwarzo da Kabo roba da ƙarfe suna ta korar randa da ƙwarya, tsofaffin da suka san sunan kowane zane da ma'anarsa kuma suna ta ƙarewa. Aiki ne da ya hau kan ɗaliban harshe da al'adun Hausa, idan an tafi hutu, su zauna da maginan tukwane da masu zanen ƙwarya da masu saƙar faifai na garuruwansu, su rubuta sunayen zane-zanen, da abin da aka kwaikwaya a kowanne, da kayan aikin da ake yin su da su, tare da sunan wanda ya koya wa mai sana'ar. Littafin rubutu ɗaya da fensir sun isa a fara.